Ranar da na yi wa Damagaram alkawarin ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da makona na farko a wani biro, wato ofis, a Zinder (Damagaram), inda nake sitaji na koyon aiki. Aikinsu tura wa manoman Hamdara da Gouna saƙon yanayi ta salula. Akwai wata babbar na'ura da ke jera saƙonnin a layi, tana sakinsu ɗaya bayan ɗaya, amma ba mai ganin cikinta.

Shugabarmu, Madam Hadiza, ta ce, “Za ka iya kunna mana shafin da za mu riƙa duba layin ta intanet?”

Na ce, “Ai wannan wasa ne, Madam.” (A bidiyo kawai na taɓa gani.)

Ikon Allah, na buga umarnin, shafi ya buɗe. Kaina ya kumbura. Sai na hango wani gurbi na rubuta saƙo, na ce bari in gwada. Na rubuta: “Gobe ruwa kamar da bakin ƙwarya.” Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, ko gajimare babu. Na danna.

Na zaci saƙon zai tsaya a allona. Sai na ga lambobi suna gudu, layi yana zazzagewa. Ashe saƙona ne ke shiga salular manoma. Duk wanda ya binne irinsa a busasshiyar ƙasa saboda ni, me zai ci bana? Na rasa ma inda ake tsayar da abin.

Salulata ta yi ƙara. Baba ne daga Gouna. Garin kiɗima na buɗe muryar, kowa na ji.

“Ɗana, biro ɗinku sun ce ruwa gobe! Na fito da irin gero, na kuma gaya wa liman ya sanar bayan Azahar.”

Madam Hadiza na tsaye a kaina.

Na ce, “Baba, ku mayar da irin. Ni na rubuta.”

Sai ya ce, “To, yaushe aka ba ka makullin sama?”

Madam ba ta kore ni ba. Ta tura saƙon gyara, ta kuma sa na wuni ina kiran masu gari ina ba da haƙuri. Ba wanda ya yi shuka, alhamdu lillahi, sai dai har yau in na shiga Gouna yara na tambayata ko su shigar da shanya.

Tun daga ranar, in zan gwada na'ura, “gwaji” kawai nake rubutawa. Shi ma sai na yi bisimilla.