Ranar Da Na Girgiza Giyar Baba Pit

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. A farkon shekarun casa'in ne. Ina zaune a Amurka, a unguwar Morrisania da ke Bronx, ɗaki ɗaya da wasu 'yan uwa biyu masu tuƙa tasi, bizata ta daɗe da mutuwa. Na baro matata Rahila a Kafanchan da tsohon ciki, na cika mata baki cewa kafin shekara ta zagayo zan aiko ta taho. 'Yar da ta haifa, Murna, har ta fara gudu tana surutu, ni kuwa a hoto kawai na san ta.

Aikina dako ne a siton wani Bature, Mista Gil, mai shigo da giya daga Turai yana sayar wa gidajen abinci. Ni ba na sha (mun yi alkawari a coci tun muna samari, kuma tsoron Rahila ya fi alkawarin ƙarfi), ɗaukar katan kawai nake yi in ajiye. Na daɗe ina bin Mista Gil da roƙo ya tsaya mini a kan takardun zama, kullum sai ya ce kasuwa ba ta kai ba. Sai wata rana ya kira ni ofis ya ce akwai wani tsoho da zai zo daga ƙasar Holan da giyarsa, za a tara masu manyan gidajen abinci su ɗanɗana. "In suka saya," in ji shi, "zan ɗauki lauya, mu yi maganar takardunka da na matarka." Ranar da ƙyar na iya cin abinci don murna.

Tsohon ya iso tare da 'yarsa Anika. Sunansa Pit, ni kuma na laƙa masa Baba, bai ƙi ba. Dogo ne, siriri, hannayensa duk kanta. Kamfanin nasu ba wani kamfani ba ne: tsohuwar rumfar shanu ce a ƙauyensu suka gyara, shi da 'yar da mijinta suke dafawa, su zuba a kwalba, su manna takarda da hannu. Iri huɗu ya kawo. Akwai fara ta alkama mai ƙanshin ɓawon lemo, wadda ya ce ta lokacin zafi ce. Akwai ja mai ɗan ɗaci, ta yau da kullum. Akwai baƙa mai kauri da ake sha in sanyi ya shigo. Ta huɗun launin zuma gare ta, ita ce mai ƙarfi, kuma sunan marigayiya matarsa ya sa mata. Duk a manyan kwalabe suke, an toshe bakinsu an ɗaure toshiyar da waya.

A nan ne bakina ya fara jawo mini. Ina sauke kaya na ji yana yi wa Mista Gil bayanin yadda ake jiƙa hatsi ya tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa. Sai na ce, "Baba, ai wannan aikin uwata ne." Na ba shi labarin Mama da tukwanenta na burkutu, yadda take jiƙa dawa, yadda mutane ke tahowa daga ƙauyuka ranar kasuwa saboda nata kaɗai. Tsohon ya yi ta jin daɗi, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce wa 'yarsa ga ɗan gida sun samu a Amurka. Daga wannan lokaci kaina ya kumbura. Ina tafiya a sito ina duban sauran 'yan dako a matsayin mutanen da ba su san komai ba.

Saboda haka ne ma Mista Gil ya damƙa mini kwalaben ranar ɗanɗanawa. Sun yi kwanaki a tsaye a ɗakin sanyi, ba wanda ya taɓa su. Abin da ya ce mini kawai shi ne in kula da su kamar ƙwai. Ni kuma na ɗauka fashewa yake tsoro. Na kai su gidan abincin da za a yi taron a Manhattan, ba ko ɗaya da ta yi ƙwarzane, na jera su a wani ɗan ɗaki kusa da kicin, sannan na tsaya ina jiran baƙi su gama zama.

Ina tsaye na ɗaga kwalba ɗaya wajen fitila, don kawai in ga abin da ake ta yabo. Sai na ga wani abu fari-fari ya kwanta a gindinta, saman kuma garau. Na duba ta biyu, haka. Duka haka suke. A gidanmu, in ka ɗebo wa mutum tsararon da ke sama ka bar kaurin a ƙasa, ka zage shi ke nan. Mama ba ta taɓa tsoma ƙwarya a tukunya ba sai ta juya ta sosai, kuma na sha ganin tsofaffi sun mayar da ƙoƙo suna cewa ba ruwa suka zo sha ba. Na ce a raina, wayyo Baba Pit, tafiyar jirgin ruwa ta sa giyarsa ta kwanta, ga shi ya ruɗe da baƙi bai lura ba. Wa zai cece shi in ba ɗan gida ba?

(Na san abin da za ku ce. E, na san lemon kwalba yana tashi in an girgiza shi, ba daga rami na fito ba. Amma a lissafina wannan ba lemo ba ne, dangin burkutu ne, kuma burkutu da kunun zaƙi ban taɓa ganin wanda ya sha bai girgiza ba.)

Na cire kwat ɗin da na aro, na naɗe hannun riga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, fara da ja da baƙa da mai sunan marigayiya, ina kifawa ina jijjigawa har sai na ga gindin ya yi tas. Na kuma ji sun yi sanyi da yawa, ga shi a wurinmu giya mai sanyi matacciya ce, don haka na matsa da su kusa da bututun ɗumama ɗaki. Har gumi na yi. Da Anika ta leƙo ta ce a kawo, na mayar da kwat ɗina na jera su a tire, ina jin kaina kamar wanda ya gama aikin Allah.

Baƙin sun kai goma, kowa da kofunan gilashi a gabansa. A kusa da Baba Pit aka zaunar da wata mata mai gidajen abinci da yawa, sanye da farar kwat, wadda Mista Gil ya ce in ta saya kowa zai saya. Tsohon ya tashi ya yi magana a kan kakansa da rijiyar ƙauyensu. Sannan ya ɗauki farar, ya fara kwance waya.

Bai gama kwancewa ba toshiyar ta tashi da kanta ta fasa ƙwan fitila. Giya ta yi tsiri sama ta dawo kan tebur. Aka yi dariya, shi ma ya yi ta yaƙe, ya ce wani lokaci ɗaya takan yi haka. Ya ɗauki jar. Ita kuma ta nufi farar kwat kai tsaye. Matar ta miƙe tana karkaɗe jiki, Mista Gil yana bin ta da tsumma yana ba da haƙuri. Baƙar ce ta ƙarasa kwat ɗin. Ɗan abin da ya rage a kwalaben, da aka zuba a kofi, ya fito da duhu-duhu ga ɗumi, wani ya kurɓa ya ture kofin gefe.

Wallahi har lokacin ban gane ba. Tausayin tsohon kawai nake ji, ina cewa da ban gauraya ba ma da abin ya fi haka muni.

Baba Pit ya ɗauki mai sunan matarsa, bai buɗe ba. Ya ɗaga ta wajen taga ya daɗe yana dubawa. A hankali ya ce, "Ina yis ɗin, farin abin nan da ke ƙasa? Shi ke riƙe da ran giyar. A kwance ake barinsa, a tsiyaya a hankali. Wa ya taɓa kwalaben nan?"

Na matso gaba, da murmushina. Na ce, "Ni ne, Baba. Na ga sun kwanta, na gauraya maka su. Duka, ban bar ko ɗaya ba." Kuma don kada a yi shakkar ƙwazona, na ɗaga hannu biyu na nuna yadda na yi.

Giya tana ta ɗiga daga tebur zuwa ƙasa. Hannayena suna sama lokacin da abin ya shiga kaina, na rasa yadda zan sauke su. Wani mai ƙiba a ƙarshen tebur ya fara dariya har da tari. Matar ta ɗauki jakarta ta ce ta gode, amma giyar da ma'aikacin mai shigo da ita bai iya riƙe ta ba, yaran gidan abincinta ba za su iya ba. Sauran suka bi bayanta. Ba wanda ya sayi ko katan ɗaya.

A bakin titi Mista Gil ya karɓi makullin sito daga hannuna. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina shirin tafiya Baba Pit ya fito ya miƙo mini kwalbar nan da bai buɗe ba. Ya ce, "Ka tsayar da ita wuri mai sanyi, kada ka taɓa. Nan da mako guda za ta huce. Ni zan fi haka daɗewa." Na rungume ta a jirgin ƙasa har Bronx, ina warin giya, mutane suna matsawa daga kusa da ni. Na yi kuka a jirgin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Lahadi na kira gidan fasto a Kafanchan, inda Rahila ke zuwa jiran waya. Na riga na gaya mata maganar lauya, ita kuma ta gaya wa duk zumuntar mata ta coci. Tana ɗauka ta ce, "Baban Murna, an dace?" Na ba ta labari tun daga farko. Sai na ji tana maimaita wa wani a gefe. Ashe da Mama suka zo. Mama ta karɓi wayar.

"Kai," ta ce, "tun kana yaro, ka taɓa ganin na bar ka ka taɓa mini tukunya?"

Na ce a'a, Mama.

"To giyar mutane ce za ka iya?"

Kwalbar ta kwanta cikin mako guda kamar yadda tsohon ya faɗa, ta yi garau a bakin taga. Takarduna kuwa sai da suka ci shekaru, na yi wankin mota, na yi gadi, na yi aikin asibiti kafin aka dace ta wata hanyar. Ranar da na je tarbar su Rahila a filin jirgi, Murna ta isa shiga aji uku. Na buɗe hannu zan rungume ta, ita kuma ta durƙusa da ladabi, yadda aka koya mata gaida baƙi, ta ce, "Sannu, Kawu."

Tun daga nan, duk abin da na tarar a kwance, in ba nawa ba ne, ina barinsa a kwance har mai shi ya zo. Ko kunun zaƙi aka miƙo mini a gidan biki, sai na tambayi mai kunun kafin in girgiza.