Rasuwar Hajiya Mai-Fito, Tukunyar Gidan Maccido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Haula, matar Maccido mai albasa, tana sanar da jama'ar Illela rasuwar tukunyarta mai kulle murfi, wadda aka fi sani da Hajiya Mai-Fito.

Marigayiyar 'yar Konni ce, ta ƙetaro iyaka a cikin kayan aure. Ba ta taɓa neman komai ba sai ruwa da wuta. Ta ladabtar da ganda, ta sa ƙafar raƙumi ta yi laushi kamar fanke. Ƙayar kifin tafkin Kalmalo kuwa narkar da ita take yi, har ɗiyar gidan, Rumaisa, mai haƙora biyu, ta ci ba a tsince mata ba. Magana ɗaya gare ta, "fsss-tsit-tsit-tsit", kuma duk unguwa ta san fassararta.

Ciwon ajali ya same ta ne ranar da Maccido ya ji a rediyo wai ruwan zafi, in aka matse shi, yana narkar da shara ta koma taki. Ya ɗura mata ɓawon albasa, da totuwar masara, da kan kifi, da kashin awaki. Haula ta tambaye shi mi ke nan, ya ce ilimi ne. Da ta fara fito, sai ya ga ai asarar tururi ake yi, ya toshe mata baki da ƙwallon dabino.

Ta haɗiye tururinta, irin na masu haƙuri. Sannan ta ce "Dum!"

Murfi ya huda rumfa, ya sauka a garken maƙwabta. Taki kam ya samu, a bango, a shanya, har a gemun mai binciken. Rumaisa, wadda ta wuni a gindin murhun, ta rarrafa bin ɗan tsako ke nan. Haula ta sure ta, ta juya ta gaba da baya, ba ƙwarzane ko ɗaya. Tun daga lokacin Haula dariya take tana kuka, an rasa wanne za a lallasa.

Marigayiyar ta bar ludayi, da mijinta murhu, da wake buhu guda wanda yanzu ba mai tanƙwara shi.

Maccido ya dage cewa doguwar suma ce kawai. Ya ɗauki murfin ya tafi Konni neman sabuwar robar bakin murfi da mai walda, yana cewa wannan karon ya gano kuskuren.

Saboda haka, tun da ba a jinkirta gawa, za a yi jana'iza yau bayan Azahar a rumfar Yari ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a yi mata sutura da guduma. Haula da kanta za ta ɗauki gawar, Rumaisa na goye a baya. Ana roƙon duk wanda ya haɗu da Maccido a hanya ya tsayar da shi, ya gaishe shi da kyau, ya tambayi lafiyar danginsa ɗaya bayan ɗaya, har sai an ji ƙarar gudumar ta tsaya.