Yaƙin Bara'atu da Rundunar Naman Kaza

Wannan shi ne tarihin Bara'atu 'yar Malam Ɗanjuma mai awon hatsi, jikar Sallau wanda ya taɓa korar biri daga gonar gyaɗa da tari kawai, tattaɓa kunnen mutanen da ba a taɓa jin sun ce “ban sani ba”. Allama, ma'abociyar digiri a ilmin tsirrai, mai shekara huɗu tana leƙen madubin ƙara girma har idonta na hagu ya ƙanƙance. Zakanyar Unguwar Ɗorawa, farin gilashi mai razana jahilci!

Asalin fitinar kuwa kakarta ce, Iya Tabawa, wadda ta dube ta a tsakar gida, gaban mata bakwai, ta ce, “'Yar boko, duk takardunki ba za ki iya bambance naman kazan miya da lemar kwaɗi mai kai mutum kushewa ba.”

Bara'atu ta miƙe ta yi rantsuwa mai nauyi: kafin la'asar gidan nan zai ci miyar naman kaza da fatawarta, in ba haka ba a daina kiranta Malama.

Ta yi ɗamara da gyale, ta rataya kwando, ta rungumi littafi mai shafi ɗari tara, ta soke reza sabuwa a ɗankwali, ta fuskanci kurmin bayan rafi. A can ta gamu da abin da alƙalami ke rawa wajen rubuta shi: ƙaya ta yagi zaninta, cinnaku suka kai mata farmaki ta ƙafar dama, taɓo ya ci silifa ɗaya ganima bai mayar ba. Ba ta ja da baya ba. Mace ce da ta jure layin rajista na kwana uku a jami'a, kurmi kuwa bai kai rabinsa ba.

Sai ga abokan gaba a gindin suri, sahu-sahu, kowanne da farar lemarsa.

“Yau asirinku ya tonu!” in ji Bara'atu.

Ta zare reza ta bi su ɗai-ɗai, tana yanke su daidai da ƙasa, yanka mai tsafta wanda ko likita zai yaba. Goma sha tara suka faɗi, ba wanda ya tsira.

A gida ta shimfiɗa su bisa faifai, ta buɗe littafi, aka shiga hisabi. Ƙasan lemar fari ne ko ruwan hoda? Fari. Akwai zobe a wuya? Kamar akwai. Littafi ya tura ta shafi na ɗari biyu, na ɗari biyu ya sanar da ita cewa malamai sun saɓa, wasu sun raba dangin gida uku, wasu sun haɗe, sunan ma an sauya shi sau biyu. Ta haɗiye wannan duka da sabati. Daga ƙarshe saura iri biyu a littafin, masu kama kamar tagwaye, ɗaya na tukunya, ɗaya na makara, kuma tambaya guda ce ke raba su: gindinsa doguwar saiwa ce, ko 'yar jaka?

Gindi goma sha tara suna can kurmi, a cikin ƙasa.

Iya Tabawa ta leƙo, ta juya ɗaya da tsinke. “Ina wutsiyarsa? Mu da wutsiya muke gane shi, tono ake yi. Ke kuwa kin yi musu aski.”

“Ilmi ba ya buƙatar wutsiya, tsohuwa!”

Ta hura wuta da kanta, ta soya albasa, ta zuba daddawa da naman kaza, ƙamshi ya ƙetare katanga. Ta kawo kwano tsakar gida ta ajiye, mata bakwai suka ja baya taku bakwai.

“Bismilla, Malama,” in ji Iya. “Mai fatawa ke fara ci.”

Bara'atu ta dubi kwano. Kwano ya dube ta. Sai ta gyara gilashi, ta ɗaga kai sama kamar mai duba wata, ta ce yau Alhamis ce, tana azumin nafila.

Iya ta ƙura wa maiƙon ƙosan da ke leɓen jikarta ido, ta ce, “Allah ya karɓa.”

Haka jaruma ta zauna da yunwa har magariba. Miyar kuwa aka haƙa rami aka binne ta, don kada kaji su ci.