Gyaran da Na Yi wa Tarwaɗa

Zamanin da nake sayen gyaɗa ina kai wa kantin Bature a Kazaure, ban yarda akwai cinikin da zai gagare ni ba. Wata bazara surukina ya kwanta rashin lafiya, ya ce romon tarwaɗa yake marmari. Na bugi ƙirji gaban 'yan dubiya, na ce da hannuna zan kamo.

A bakin tafki Sarkin Ruwa ya ce, "Malam, da zafin nan kifi ba ya cin ƙugiya."

Na ce, "Baba, kifi ma kamar mai saye ne. A yi masa gyara, zai dawo."

Na marmasa ƙuliƙuli kwando guda na watsa. Ruwa ya cika da bakuna, suka cinye tas, ƙugiyata ko sansanawa ba su yi ba. Na ƙara wani kwandon, don a nuna musu da wa suke ciniki.

Da la'asar na koma hannu rabbana. Surukina ya leƙa kwandunan ya ce, "To, ko ƙuliƙulin a sam mini?"

Har yau in ina awo a kasuwar Roni, sai wani ya ce, "Alhaji, a yi mana gyara irin na tarwaɗa."