Rasuwar Wushirya, Saitin Bindigar Malam Bappa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ido guda a kanne, Malam Bappa maharbi na Bulkachuwa yana sanar da 'yan'uwa maharba da manoman fadama rasuwar Wushirya, ɗan ƙarfen nan mai tsagi da ke zaune a gadon bayan bindigarsa, wanda ta cikinsa yake auna nama. Ta cika ranar Talata da hantsi a Azare, tana da shekara hamsin da ɗoriya.

Tare da bindigar ya gaje ta wurin mahaifinsa, tsohuwar bindiga mai lasisi, irin wadda ake ɗanawa da mariƙin ƙarfe daga ƙasa, ƙwaras-ƙwaras. Marigayiya ba ta da surutu. Ba ta taɓa neman komai ba sai ɗigon mai da tsumma. Shekara talatin tana taya shi tsaron gonakin gyaɗa, kuma duk mugun dawan da ya shiga tsakanin haƙoranta bai sake ganin damina ba.

Ciwon ajali ya soma ne damina uku da suka wuce. Malam Bappa ya lura ta fara dishi-dishi, wani lokaci har ta zama biyu. Bara ya auna mugun dawa yana tonon gyaɗa, harsashi ya sami kututturen kuka, dabbar ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da cin abincinta. Manoma suka fara raɗe-raɗin ba wa wani maharbin tsaron. 'Yarsa Mas'uda, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Baba, ƙarfe ba ya dishi-dishi. Idonka ne. Ka zo a auna, ko ka rataye bindigar nan." Ya ce shi idonsa garau, kuma bai haifi wadda za ta yi wa Wushirya shaida fiye da shi ba.

Da jiki ya tsananta aka kai ta wurin Uzairu, mai gyaran bindigogin maharba a Azare. Uzairu ya dubi ƙarfen, ya dubi idon mai ƙarfen. Sannan cikin ladabi ya ce, "Baba, gaskiya akwai tsufa a lamarin." Bai faɗi na wa ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Ya fito da sabon saiti mai huda kamar kafar allura, wanda ake ɗaurawa can baya kusa da ido. Ya ce ta cikin hudar kawai za a leƙa, a dubi tsinin gaba da ke kan bakin bindiga, ido zai daidaita sauran da kansa. Huda iri uku ya nuna masa. Ƙaramar ta yi duhu a inuwa, babbar kuwa Malam Bappa ya ce ai wannan taga ce. Aka tsaya a ta tsakiya.

Uzairu ya kafa wa marigayiya 'yar ƙusar tagulla, ya buga da guduma sau uku a hankali. Ta zame daga gurbinta ta faɗi kan tire. Kalmarta ta ƙarshe ita ce: ƙyal.

Aka huda gefen bindigar wuri biyu aka ɗaure magajiyarta. Aka fita bayan gari, aka aje gwangwani taku hamsin. Harbin farko ya bi sama, aka murɗa notin saitin. Na biyu ya kauce hagu, aka sake murɗawa. Na uku gwangwani ya yi tsalle. Malam Bappa ya daɗe bai sauke bindigar daga kafaɗa ba. Manoma sun bar masa tsaron bana.

Ta rasu ta bar ƙanenta, tsinin gaba, da kunamar bindiga, da maratayin fata wanda shi ma ba lafiya ce ta ishe shi ba.

Liman ya ja kunne cewa ƙarfe ba a yi masa salla, don haka za a naɗe ta a farin ƙyalle a sa ta ƙasan adaka ranar Juma'a bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, akwai farfesun zabi. Malam Bappa da kansa zai karanta wa jama'a wannan sanarwa, ana dai neman mai dogon hannu da zai riƙe masa takardar daga nesa.