Yadda Za Ka Kunyata Gida Guda da Kwalba Ɗaya

Kai sabon jami'in lafiya da aka tura ɗiban ruwan kwata don a gano cuta kafin ta yaɗu, aikinka na kirki ne, amma ba ya sa a san mutum. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin unguwa ba za ta manta da kai ba.

1. Zaɓi wurin tsuguno

Ruwan bayan gida na layin gaba ɗaya a magudanar nan yake haɗuwa, amma kai ka tsuguna daidai ƙofar gida guda. Da rana tsaka, da farar riga da takunkumi da kwalbar gwaji a hannu. Masana sun tabbatar cuta ta fi fitowa idan akwai 'yan kallo.

2. Kada ka yi bayani

Matar gidan za ta leƙo da goyo. "Malam, lafiya?"

Ka ce, "Aikin hukuma ne."

Idan ta ce, "To wa zai ga sakamakon?" sai ka duba agogo. Abin da mutum ya kora da ruwa ai ya yafe wa duniya, doka ma ba ta gama shawara a kai ba.

3. Riƙe sirri

Gwaji ya nuna ƙwayar ciwon shawara. Sirri ne, saboda haka mutum ɗaya tak za ka gaya wa: mai kanti. Ka fara da "Tsakaninmu."

4. Huta

Jama'a za su ƙarasa maka. Maƙwabciya za ta janye 'ya'yanta tana cewa, "Yaya, ba don komai ba, amma a ƙofarku fa aka ɗiba." Shugabar makarantar raino kuma ta dawo da 'yar matar, mai shekara huɗu, da jakarta a baya.

5. Idan uwar ta biyo ka ofis

Za ta zo ido jajur. "An gwada 'yata, lafiyarta ƙalau. Ruwan nan na kowa ne. Ka zo inda ka tsuguna ka faɗa da bakinka!"

Ka gyara zama. "Hajiya, mu ba mu ambaci sunan kowa ba." Gaskiya ne kuwa, shi ne daɗin abin.

Gargaɗi: wannan jagora ba ta ɗaukar alhakin komai. Idan yarinyar ta tsaya a taga sanye da kayan makaranta, tana kallon yara na wucewa, ta ce, "Mama, wari nake yi?" sai ka zo ka ba ta amsa.