Ranar da Na Naɗa Rawani Don Kada Tasawa Ta Gan Ni

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata taron 'yan kasuwa a Yamai ba, kuma ko na so in manta, mutanen Tasawa ba za su bar ni ba.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta masu sayar da aya da riɗi. Wata shekara aka shirya babban taro a Yamai, inda masu saye daga waje za su zauna da irinmu, sai masu taron suka aiko mini da biye, wato tikiti, na jirgin sama daga Damagaram. Jirgi fa! Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi bayan kamiyon aya tsawo ba. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa wa mai shayin tasha, har wanzamin da ke mini aski sai da ya san kujerata kusa da taga take.

Ana cikin haka matata Rabi ta same ni da wata magana. Ta ce, "Baban Nana, Inna ma za ta Yamai ganin jikan da aka haifa mata. Da ka haƙura da jirgin nan kun shiga kar ɗaya, babbar motar fasinjan nan, ka riƙa duba ta a hanya."

Na dube ta sheƙeƙe. "Rabi, kin san abin da ake ce wa taro kuwa? Mutane za su zo daga ƙasashe, ni in iso musu a yamutse? Ni ta sama zan bi." (Allah Ya yafe mini, har da ɗaga yatsa na nuna mata saman.)

Ranar tafiya aka yi mini rakiya har tasha, aka yi addu'a, wani dattijo ya ce in na bi ta kan Tasawa in leƙo. Na ce in sha Allahu.

Da na isa filin jirgin Damagaram, sanye da kostim irin na Turawa ina jan valiz, akwatin tafiyata, sai na tarar da wurin tsit. Wani ma'aikaci ya dube ni da tausayi ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "ba ka ji ba? Ma'aikatan kamfanin sun shiga yajin aiki. Ba tashi yau, ba tashi gobe." Taro kuwa jibi da safe. Hanya ɗaya ta rage mini, kar mai tashi da asuba zuwa Yamai. Duk wanda ya san hanyar nan ya san kar ɗin sai ta tsaya a Tasawa ta ɗauki mutane, daidai gaban teburin mai shayin da na cika wa kunne.

Mai hankali da sai ya kira gida ya ce ga abin da ya faru, a yi masa dariya a gama. Ni kuwa kasuwa na nufa. Na sayi dogon rawani irin na Buzaye, mai sayarwa ya koya mini naɗi har ya rufe hanci, na haɗa da baƙin tabarau. Na cusa kostim a valiz, na sa wata tsohuwar riga, na kashe waya. Da na dubi kaina a gilashin wata mota, wallahi har yaba wa kaina dabara na yi.

Da hantsi muka shigo Tasawa. Na nutse cikin kujera ina leƙen taga da gefen ido. Ga mai shayi, ga 'yan kasuwarmu, ga kuma Rabi riƙe da jaka. Shaf na manta ranar ce Inna za ta tafi! Kujera ɗaya ta rage a kar ɗin, kuma ba sai na gaya muku ko kusa da wa take ba.

Kun dai san yadda muke da surukai. Tun da na auri Rabi ban taɓa zama tabarma ɗaya da Inna ba, ban taɓa kai loma baki a gabanta ba, in na hango ta tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Yau ga mu kafaɗa da kafaɗa.

"Sannu, bawan Allah," in ji ta. Na dafa ƙirji na sunkuyar da kai. Ta sake gaishe ni, na sake dafa ƙirji. Sai ta juya wajen wata mata da ke bayanmu ta ce, "Ayya, ba ya jin Hausa." Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, kuma ba a je ko'ina ba aka iso kaina.

"Surukina ma yana Yamai tun jiya, ta jirgi ya tafi. Mutumin kirki ne, bai taɓa barin 'yata da yunwa ba. Sai dai baki! In ya sayi sabuwar hula sai ka ce shi ya fara sa hula a Tasawa. Jirgin nan, yarinya, har awakin unguwa sun ji labarinsa."

Matar ta yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa ina ta kallon gonaki kamar ban taɓa ganin karan hatsi ba.

Da muka wuce Maradi Inna ta buɗe kwano. Soyayyen zabo ne, kuma daga ƙamshin na gane hannun Rabi. Rabona da abinci tun jiya. Ta miƙo mini, na girgiza kai, don ko a cikin rawani ba zan iya tauna a gabanta ba. Ta miƙo gorar ruwa, na girgiza kai. "Allah sarki, azumi yake," ta ce wa matar. Shi ke nan aka ɗora mini azumin da ban yi niyya ba, ga rana ta ɗaga, cikina na kuka ina tari don in rufe ƙarar.

Shingayen farko mun wuce su lafiya, jandarma ya leƙo ya duba kart ɗin shaida ya sauka. Amma kafin mu shiga Ƙonni sai aka ce kowa ya sauka. Aka karɓe kart ɗinmu gaba ɗaya, muka tsaya gindin wata bishiya, jandarma na kiran suna ɗaya bayan ɗaya. In an kira ka sai ka amsa, ka matso, ya dubi fuskarka ya dubi hoto, ya miƙa maka. A dabarata duka wannan ne ban lissafa ba.

Ya kira sunana da na mahaifina, da ƙarfi. Na yi kamar ba ni ba. Ya sake kira, ya ƙara da "haifaffen Tasawa". Inna ta ce, "Ikon Allah, sunan surukina sak!" tana waige-waige. Da jandarman ya ɗaure fuska ya ce in mai kart ɗin bai fito ba kar ba za ta tashi ba, sai na ja ƙafa na fito.

"Mushe, sauke rawani da tabarau, mu ga fuska."

Na fara warwara. Rawanin nan da na zaɓa don tsawonsa ya ƙi ƙarewa, ya harɗe mini a wuya, ina juyi kamar ɗan akuyan da ya naɗe da igiya, fasinjoji duk sun zuba ido. Jandarman ya ce, "Kana jin Hausa dai ko?" Na ce, "Ina ji, ranka ya daɗe," da muryata wadda duk Tasawa ta sani.

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa kan kwalta mai zafi ba, na ce, "Ina kwana, Inna," da tsakar rana. Ta kau da kai gefe yadda aka saba, ta amsa a hankali, "Lafiya lau. Ya gajiyar jirgi?"

Matar nan ta bayanmu sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Har jandarman ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Da muka koma ciki Inna ta yi musayar kujera da wani. Can sai ga kwanon zabo ya biyo hannuwa ya iso gare ni da saƙo: in ji Inna, in azumin ba na farilla ba ne, a sha ruwa. Na ci, kaina a ƙasa.

Taron dai na same shi, har muka samu mai sayen riɗinmu. Abin haushi, rabin mutanen da kar suka zo, suna ta ba da labari da raha wajen shan kafe, wani ma a kamiyon albasa ya iso, babu wanda ya ga abin kunya a ciki. Ni kaɗai na naɗa wa yajin aiki rawani.

Abin da na koya, dariyar da za a yi maka a tasha kafin kar ta tashi ta fi sauƙi, ka tsaya ka sha abinka da fuskarka a buɗe. Bayan na dawo Rabi ta kawo mini saƙo tana danne dariya. Ta ce Inna ta ce a ba ni haƙuri kan maganar hula, ba ta san ina ji ba. Amma ta ce a gaya mini ba ta janye ba.